Saƙon da Ya Tsaya a Zaure

A gidan Malam Ummaru na Malumfashi an yi mutuwa biyu a kaka ɗaya, amma guda ɗaya aka gaya wa matar gidan. Wanda ya ƙulla wannan aiki Baffa Talha ne, ƙanen Malam, mutumin da in ya ce "ku bar min wannan" to ka fara neman wurin fakewa. Wadda nauyin ya faɗa wa kuwa Kausar ce, autar gidan, mai koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji a Funtua.

Ga yadda abin ya zo. Inna Uwa ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, hawan jini ya taɓa mata ɓarin hagu, aka kwantar da ita asibiti a Funtua. Ɗanta Abdussamad shi ke zirga-zirga a babur, ya kai kunu, ya koma gona wajen karyar masara. Wata rana da yamma yana komawa gida, kusa da Bakori, motar auduga ta haɗa da shi. Ko shurawa bai yi ba. Malam Ummaru, wanda dama ya daɗe yana jinya, ya sa aka fito da shi a kujera ya sallaci ɗansa, ya koma ɗaki ya juya wa bango fuska. Kafin sadakar bakwai ya bi shi.

Likita ya ce kada a gaya wa Inna abin da zai girgiza ta, don in jinin ya sake hawa ba lallai ta tashi ba. Baffa Talha ya riƙe wannan magana kamar aya.

Haka Kausar ta yi jinyar nan da mutuwa biyu a bakinta. Takan shiga banɗaki ta saki famfo ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito tana tambayar Inna ko a gyara mata matashi. Abin da ya taimaki ƙaryar shi ne Abdussamad ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, iyakarta ta ce "wancan". Da ta ga kwanaki sun ja bai leƙo ba, sai ta ce wa silin, "Mai kawo kunun ya gaji ke nan." Baffa ya cafe, ya ce ai ya bi motar masara zuwa Kudu. Hansai matar Abdussamad kuwa, mai tsohon ciki, an riga an mayar da ita Tsiga ta yi takabarta a gidan iyayenta, aka ce wa Inna goyon ciki ta tafi.

Shirin da aka yi, ranar da aka sallame ta, a zaure za a gaya mata duka biyun, ga mutane, ga magani a kusa. Aka sauko da ita daga mota tana jan ƙafa. Ta ga tabarmi a ƙofar gida, ta ga buta ta yi yawa, ta tsaya. Baffa ya durƙusa a gabanta.

"Yaya Uwa, sai haƙuri. An yi mana rashi."

"Malam ne ko?" in ji ta. "Na sani. Tun da gaisuwarsa ta daina zuwa na sani."

Ta yi salati, ta yi masa addu'a, murya ba rawa. Baffa ya buɗe baki zai ɗora na biyun, idonsa ya sauka kan hannunta mai lafiyar yana karkarwa a jikin sanda. Sai jarumin naku ya haɗiye miyau ya ce, "Eh, Malam ne."

Kausar na tsaye a baya riƙe da jakar kaya, ta ji kamar an zuba mata ruwan randa. Abin da take koyarwa ne ya faru a gabanta da mutane masu rai. A cikin kwamfuta akwai ƙwayar tsari da ake kira kanel, ita ke raba wa ayyuka lokaci, ita ke kai musu saƙo. In saƙo ya zo wa aiki, ba ta afka masa a tsakiyar hanya. Takan ɗaga alama ta ajiye, sai zai fita daga hannunta ya koma harkarsa, a bakin ƙofa, ta miƙa masa. To amma alamar ɗaya ce ga kowane irin saƙo. In iri ɗaya ya zo sau biyu kafin a kai, sau ɗaya ake kaiwa, ɗayan ya narke a ciki. Ta sha rubuta wannan a allo ba ta ji komai ba. Yau yayanta ne ya narke a cikin ubansa.

Kuskure ne, amma Baffa Talha ba ya kuskure, kafin magariba ya mayar da shi dabara. Ya kafa kujera a zaure, duk mai shiga gaisuwa sai ya tare shi ya yi masa bita.

"Allah ya jiƙansa za ka ce. Sa. Kada ka ƙara, kada ka rage. Kai ka nufi wanda ka nufa a zuciyarka."

Jama'a kuwa suka bi, don ba wanda ke son a ce bakinsa ne ya kashe Inna Uwa. Abokan Abdussamad suka riƙa shiga da jan ido, su durƙusa su ce Allah ya jiƙansa, ita kuma ta ce amin, ta gode musu da suka damu da tsoho haka. Kai, duniya! Samari na kukan abokinsu a gaban uwarsa, tana ba su haƙurin mutuwar mijinta.

Aka tafi a haka har ran Lahadin da Matta ta zo. Matta ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata a Ƙarfi, Kirista ce, daga coci ta wuto da ɗankwalinta na zumuntar mata. Kunnenta ya yi nauyi da tsufa. Baffa ya tare ta ya yi mata bitarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji daga ciki, ta gyaɗa kai ta ce, "Lafiya lau, sai ƙafa," ta wuce. Ta isa ta zube a tabarmar Inna, ta kama hannun da ya shanye tana kuka.

"Uwa, wannan kaka ta zo mana da nauyi. Allah ya jiƙansu. Allah ya ba ki haƙuri."

Tsakar gidan ta yi tsit. Kausar na tankaɗe, rariyar ta tsaya a hannunta. Inna ta dubi Matta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce amin a hankali, ta tambaye ta ko har yanzu tana shafa man nan a gwiwa. Aka ci gaba da hira. Bayan Matta ta tafi Baffa ya share zufa ya ce Allah ya rufa asiri, ba ta ji ba.

Daga wannan makon ne abin ya fara.

Inna na takaba, ba ta fita. Bayan la'asar akan shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta, inda take hango ƙofar da ke shigowa daga zaure. Lokacin ne Abdussamad ke dawowa daga gona. Wata rana Kausar na yanke mata farce, sai ta ji hannun ya yi tauri a nata. Inna ta ɗaga kai ta ce, da muryar da ake gaida wanda ya dawo aiki, "Sannu da dawowa."

Kausar ta waiga. Ba kowa a ƙofar sai inuwar zaure.

"Inna, da wa kike?"

"Wancan mana. Ya tsaya a ƙofa kamar baƙo."

"Ai yana Kudu, Inna."

"To," in ji Inna, ta miƙo ɗayan hannun.

Washegari haka, jibi haka. Ba ta firgita, ba ta kiransa ya shigo. Takan gaishe shi, ta zuba masa ido har a kira magariba, sannan ta ce a kawo mata ruwan alwala. Baffa ya ce ciwon ne ya taɓa kai, ya kawo rubutu da hayaƙi, ya turnuƙe gidan har kaji suka gudu bayan rumbu. Kausar ma ta so ta yarda da shi. Ta ce wa kanta ƙwaƙwalwar da jini ya taɓa takan ga abin da babu, ta ma karanta hakan a wayarta ta ɗan ji sanyi. Sai wata yamma Inna ta yi tsaki ta ce, "Mutum da girmansa yana yawo da takalmi ƙafa ɗaya. Ga rigar nan ruwan ƙasa duk ta yage a kafaɗa."

Kausar ta tashi ta shiga ɗaki, ta zauna a ƙasa. Rigar dai, Inna ta gan ta, da ita ya je asibiti ranar da ya rasu. Amma yagewar fa? Takalmin kuwa ƙafa ɗaya aka kawo gida tare da gawar, an duba kwalbati da gonar gefen titi ba a ga ɗayan ba. Ba wanda ya san wannan sai waɗanda suka ɗauko shi, sai ita da ta karɓi kayan.

Daga ranar ta daina kwana a Funtua. Kullum ta tashi aiki ta hau motar Malumfashi, ta runtse ido in an zo wajen Bakori. Kuma ta lura da kanta, in za ta shiga gida da yamma takan raɓe jikin bango a ƙofar nan, kamar mai ba wani hanya. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba na yayanta ba. Tsoron abin da suke yi masa take ji.

Ana haka darasi ya kawo ta kan ayyuka masu haifar wasu ayyuka. Ta yi bayanin da Turanci, ta ga idanun ɗalibai sun yi fari, ta juya shi da Hausa yadda ta saba. Ta ce aiki yakan haifi ɗa ya aike shi. In ɗan ya ƙare, kanel takan kwashe duk abin da ya mallaka, amma ba ta share sunansa daga cikin masu rai. Takan ɗaga wa uwar alama, ta jira uwar ta tambaya ta karɓi labarin yadda ya ƙare. Kafin nan yana nan tsaye, ba ya aiki, ba ya tafiya. Masana abin kan ce masa fatalwa.

Wani ɗalibi, Monday, wanda ba ya barin magana ta wuce bai taɓa ta ba, ya ɗaga hannu.

"Malama, a aika masa saƙon kisa mana, a huta."

"Yaya za ka kashe wanda ya riga ya mutu?"

Aji ya yi dariya. Monday bai haƙura ba.

"To in uwar ta ƙi tambaya fa?"

"Sai ya yi ta tsayuwa," in ji Kausar. "Har ita ma ta mutu, sannan wani ya karɓi labarin a madadinta."

Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta juya ga allo kamar za ta yi rubutu, ta tsaya da alƙalami a sama, ta kasa tuna ko harafi ɗaya. Ta sallami ajin lokaci bai yi ba. Tana fitowa waya ta shigo daga Tsiga: Hansai ta sauka lafiya, namiji, kuma kakansa na wajen uwa ya ce ba wani suna da za a raɗa masa sai na ubansa.

Ta sami Baffa a kujerarsa yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa haihuwar, ta ce yau za ta gaya wa Inna.

"Ke Kausar, boko ya taɓa ki? Likita ya ce..."

"Baffa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Za a kawo mata jariri mai sunan ubansa, a ce mata me? Uban na Kudu yana sayar da masarar da aka gama ci?"

"Sai a ce masa Abba, shi ke nan. Ku bar min wannan."

"Mun bar maka, Baffa. Ga inda muke."

Bai taɓa jin haka daga bakinta ba. Ya miƙe, ya nuna ta da carbin.

"Na binne yayana, na binne ɗansa. Ba zan binne ta uku ba saboda rashin haƙurin yarinya. In ta faɗi, ke kika kashe ta. Ki riƙe wannan."

Ya shuri takalmansa ya tafi masallaci. Kuma kada ku ce mugu ne, tsoho ne da tsoro ya cika masa ciki, ya rasa inda zai sa shi sai a kujerar zaure.

Kausar ta shiga. Ta ba Inna maganinta, ta ɗaura mata na'urar awon jini ta duba, ta kira direban maƙwabta ta ce ya tsaya kusa da motarsa. Ta yi duk abin da mutum zai iya yi, sannan ba abin da ya rage sai maganar. Ta zauna a gefen tabarmar. An idar da la'asar, rana ta karkata kan rumbu.

"Inna, Hansai ta haihu. Namiji."

"Alhamdu lillahi. Ita lafiya?"

"Lafiya lau. Inna, akwai wata maganar."

"Ɗauko min ruwa."

"Inna..."

"Na ce ki ɗauko min ruwa, ko ba ki ji ba?"

Kausar ba ta tashi ba. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙin aiken Inna ba sai ranar. Ta kama hannun mai lafiyar da hannu biyu.

"Yaya Abdussamad ba ya Kudu. Ya rasu, Inna. Mota ce ta buge shi ranar da ya kawo miki kunu na ƙarshe. Shi ya riga Malam."

Ta rufe ido tana jiran ƙarar faɗuwa. Ba ta ji komai ba sai kurciya a kan katanga. Da ta buɗe, Inna na zaune yadda take, idonta a kan ƙofar zaure, leɓenta na motsi.

"Ya sha wahala?"

"A'a. Nan take ne."

"Malam ya sallace shi?"

"A kujera aka fito da shi."

"Wa ya yi masa wanka?"

Kausar ta faɗa mata. Inna ta bi abin daki-daki, wa ya ɗauko shi, ina aka sa shi, kusa da wa. Da ta gama sai ta ce, "Kunnena bai shanye ba, Kausar. Na ji Matta."

"To me ya sa ba ki tambaya ba?"

"In na tambaya ai za ku gaya min." Ta ja numfashi. "Kuna ganin ku kuka ɓoye min. Ɗan fari ne, ba a san ni da tambayarsa ba, sai na fake a nan. Kullum in na idar da salla sai in ce Allah ya dawo min da shi. Ban taɓa roƙa masa abin da ake roƙa wa mamaci ba, ko sau ɗaya. Na san zalunci ne. Amma yana zuwa."

Ta ɗaga tafin hannunta ɗaya, ɗayan ya ƙi tashi, Kausar ta tallafa mata shi. Inna ta yi wa ɗanta addu'ar da ta hana shi, doguwa, har muryarta ta dushe. Kausar na amsa amin tana kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Bayan nan ta sake auna jinin. Ya hau, amma bai kai inda ake tsoro ba. Baffa da ya dawo ya ji, ya zauna a dokin ƙofa ya rufe fuska da babbar riga.

Kausar ta kwana da sauƙin da ta manta irinsa. Inna ba ta faɗi ba. An sauke kayan, kowa ya rayu, ta ce a ranta ta yi daidai.

Washegari bayan la'asar Inna ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inda aka saba. Kausar ta zauna kusa da ita. Rana ta sauka daga kan rumbu ta koma katanga. Wata kaza ta shigo daga zaure da 'ya'yanta, ta tsaya a tsakiyar ƙofar tana tono. Inna ba ta gaida kowa ba. Ta yi ta kallo, ta ɗan leƙa hagu, ta ɗan leƙa dama, har hasken ya fara ja.

"Bai zo ba," in ji ta.

"Ya huta ke nan, Inna."

"Na sani."

Sai a lokacin kukan ya zo mata, irin wanda ba ta yi wa Malam ba, ba ta yi jiya ba, bakinta a karkace, hawaye na bin ɓarin da ba ya ji. Kausar ta rungume ta tana ba ta haƙuri. Inna ba ta ture ta ba, kuma ba faɗa a muryarta da ta yi magana, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Da kin bari an kawo jaririn tukuna, Kausar. Kwana nawa ne ya rage? So nake in ɗaga masa shi daga nan ya gani."